Kwanon Baba Malam

Jikar yayata, Nafisa, ta zo rannan ta same ni a ƙarƙashin rumfa a gidanmu na unguwar Kalakla a Hartum, ita da ƙawayenta, wai an yi musu maganar aiki a wasu gidaje, za su riƙa kula da tsofaffi. Na tambaye ta me ta sani a kan ciyar da tsoho. Ta yi dariya, ta kira ni da sunan da ake kiran kaka a nan, ta ce, "Haba Habboba, ai cokali ne kawai. A ɗebo, a kai baki, halas, shi ke nan."

Na ce ta ɗebo ruwa a randa ta guntsa, ta ɗaga kai tana kallon rufin rumfa, sannan ta haɗiye tana ba ni labari. Ta gwada. Sai da ƙawayen suka yi ta bubbuga mata baya, hawaye shaɓe-shaɓe. Na ce to, ke ke nan mai lafiya, mai ƙarfin tari. Wadda za ki je wurinta ƙarfin tarin ma ba ta da shi. Ku nemi wuri ku zauna.

Sunana Hawwa. A Jazira aka haife ni, a sansanin masu tsinkar auduga, kuma da aure na shigo Hartum. Sana'ar nan a hannun Gwaggo Dije na koye ta, wata maƙwabciyarmu da ta daɗe tana shara a asibiti, har ta gane cewa rabin tsofaffin da ke kwance a can yunwa ce ke cin su alhali ga abinci a gabansu. Da ta bar asibitin sai ta koma bin gidaje tana jinya. Abin da ya sa ta ɗauke ni, ta taɓa ganina ina tsince tsakuwa a cikin adas, ƙananan waken nan, akuyar maƙwabta ta shigo tana ɓarna, ban tashi ba sai da na gama faifan. Ta ce irin wannan sanyin jikin take nema. Uwar mijina kuwa a kan wannan sanyin jikin take yi mini gori kullum.

Wata da watanni ina bin ta ban taɓa cokali ba. Aikina in zauna gefe in ɗora yatsu biyu a wuyan tsoho, daidai zakaran wuya, in ji yadda yake hawa ya sauko. In ya hau ya sauko, loma ta wuce. In bai motsa ba, loma tana nan, ko da bakin a rufe yake kuma mai shi yana yi miki murmushi. Gwaggo Dije ba ta da yawan magana. In na yi kuskure sai ta taka mini ɗan yatsan ƙafa, ta ci gaba da hira da masu gida kamar ba abin da ya faru.

Aikin farko da ta bar mini ni kaɗai wani tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa ne a Bahri. Na ba shi karin kumallo ya cinye tsaf, na yi ta jin daɗi. Da rana Gwaggo Dije ta leƙo, ta haska bakinsa da tocila, ta sa yatsa ta zaro curin burodi daga kuncinsa na ɓangaren da ya shanye. Tun safe yake ajiye a wurin, shi bai sani ba, don wajen ba ya ji. Da ya kwanta barci da shi, da ya gangara inda ba a so. Tun daga ranar ban taɓa tashi daga gaban tsoho ba sai na leƙa bakinsa, na goge da ƙyalle mai tsabta, na sa masa aswaki. Bakin da ba a wankewa, yawun da ke cikinsa ma cuta ne in ya sauka ƙirji.

Kayan aikina duka a jaka ɗaya suke. Akwai cokalin shayi, ƙarami, mai kauri, wanda ba shi da kaifin baki. A Kasuwar Libiya na saye shi, bayan na gwada na mai shago kusan duka a leɓena har ya fara tunanin ko ina da taɓin hankali. Babban cokali na masu sauri ne, kuma masu sauri su ke kashe tsofaffi. Akwai maburgi, wanda a nan ake ce wa mufraka, da rariya mai ƙananan ido, da tocila, da tawul. Akwai kofin roba da na yanke masa baki gefe ɗaya don hanci ya sami wurin shiga, mutum ya sha ba sai ya ɗaga kai ba. Matashin kai kuwa na gidan nake amfani da su, amma masu tauri. Gadon igiya yana lotsawa a tsakiya, tsoho ya nutse ciki kamar an sa shi a kwarya, don haka nakan sa a shimfiɗa katako a ƙarƙashin katifa. Ba a ciyar da mutum a kwance. A zaune yake ci, haɓa ta ɗan yi ƙasa, kuma in ya gama ya ci gaba da zama har a sha shayi a wanke kofuna.

Abin da mutane ba sa yarda da shi, har yau, shi ne ruwa ya fi tuwo haɗari. Tuwo mai laushi da miyar kuɓewa busasshiya tafiya yake a hankali, a dunƙule, yana ba maƙogwaro lokaci ya rufe hanyar numfashi. Ruwa ba ya jiran kowa. Kafin maƙogwaron da ya gaji ya farga, ya riga ya wuce huhu. Shinkafa tana warwatsewa a baki. Burodi a cikin shayi shi ne shugaban mugunta, don abu biyu ne a loma ɗaya, ruwan ya yi gaba, burodin ya tsaya. Abincina madida ce, kunun nan mai kauri da ake yi da gero ko hulba. Yadda nake gwada ta, in ɗebo a cokali in karkata. In ta zube kamar ruwa ba ta yi ba. In ta maƙale ta ƙi sauka ta yi yawa. Wadda nake so ita ce mai saukowa a hankali tana barin shafi a cokalin. Kuma bayan kowace 'yar loma ina sa tsoho ya yi magana, ko salati ne. In muryar ta fito a jiƙe tana gurgura, sai in dakata. Mai tari ba ya ba ni tsoro. Wanda abu ke wuce masa huhu bai ko motsa ba, shi ne bayan kwana kaɗan za ki ji jikinsa ya yi zafi.

Tsofaffin ba su ne wahalar aikin ba, danginsu ne. 'Ya mace takan saurara, don ita ke wanke zanin gado. Ɗa namiji ya dawo daga Saudiyya da gwangwanaye da kwalaben lemo, yana so ya ga uwarsa ta sha a gabansa kafin hutunsa ya ƙare. Sai masu dubiya. Kun san halin garin nan, ba a zuwa hannu rabbana, kuma ba a yarda a ce an ƙoshi. Mata su cika ɗaki, kowacce da ruwan lemonta, tana tura kofi bakin tsohuwa tana cewa "Alek Allah, don girman Allah ki sha, ko kurɓi ɗaya." Na sha zagi a kan hana wannan. An ce ni Bafallatiya ce marar tarbiyya, sunan da suke kiran irinmu 'yan asalin ƙasar Hausa ke nan, an ce ina ɓoye lemon ne in kai wa 'ya'yana. Ba na musu da kowa. Karɓar kofin nake in yi godiya, in ajiye a bayana.

Shekarar da ta fi ba mu wuya ita ce farkon mulkin soja, lokacin da sukari ya koma sai da kati, burodi sai an yi layi tun duhu. An sallami mutane da yawa daga aiki, gidajen da ke ɗaukar irinmu suka ce a yi haƙuri. Mota ta yi wuya. Sai in tsaya a tashar mota ta Suk al-Arabi har rana ta take, ƙarshe in taka gada da ƙafa zuwa Umdurman. Tsofaffi da yawa sun zube a shekarar, don abin da ke riƙe da su dama shayi ne da madara da sukari. A lokacin na koyi cusa ƙarfi a ƙaramin kwano: niƙaƙƙiyar gyaɗa, man riɗi, gwaiduwar ƙwai in an samu, da garin 'ya'yan kuka, wanda ke kaurara ruwa ya kuma ba shi ɗan tsami mai tayar da baki. Gwaggo Dije ta rasu a shekarar. A shekarar ce kuma aka kira ni gidan Baba Malam.

Maƙwabtansa Larabawa Faki Abbakar suke ce masa, wato Malam Abbakar. Kakansa ya taso daga ƙasar Hausa zai tafi Makka, ya yada zango a Umdurman, zangon ya zama gida. Baba Malam ya gaji makarantar allo a wurin ubansa, ya koyar har waɗanda ya koyar suka yi furfura. Ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kama shi a dama, ya tafi da hannun rubutunsa, ya bar masa harshe mai nauyi. Babbar 'yarsa, Sakina, ita ta zo har Kalakla ta same ni. Ta ce tunda aka sallamo shi daga asibiti zazzaɓin ƙirji yake ta dawowa, alhali suna bin duk abin da likita ya ce, ruwa ma ba sa ba shi sai an kaurara.

Ranar farko ban yi komai ba sai kallo. Sakina ta iya. Madidarta daidai, zaman daidai, ba ta sauri. Na rasa ta inda ɓarnar ke shiga, sai na ce zan kwana. Da gari ya waye, bayan an dawo masallaci, sai ga ƙaninta Usman ya shigo da allo. Shi ne ɗan da ya baro aikinsa a Jidda ya dawo saboda uban. Ya zauna ya rubuta ayoyi, ya wanke a ƙoƙo, ya tallafo kan mahaifinsa daga kwance ya ɗura masa. Rubutun sha ne, wanda a nan ake kira mihaya. Tsohon ya shanye bai yi tari ko ɗaya ba. Na gaishe shi don in ji muryarsa, ya amsa, muryar tana gurgura. Da la'asar kuma tsofaffin ɗalibansa suka fara zuwa, kowa da kwalbar da ya rubuto a gida, kowa yana so malaminsa ya kurɓa daga hannunsa. Ba wanda ya gaya wa likita wannan, don ba wanda ya lissafa shi a cikin ruwa.

Na sami Usman da Sakina a ɗakin tsohon na faɗa musu.

Usman ya ce, "Ya Hajja, kin san abin da kike faɗa kuwa? Wannan ba moya ba ce, ba ruwa ba ne. Alƙur'ani ne."

Na ce, "Na sani, Malam Usman, ni ma ina sha. Amma ruwan da ya ɗauko shi na randa ne, kuma huhu yake tafiya."

"Yau shekara nawa yana sha bai cuce shi ba?"

"Da wancan maƙogwaron yake sha. Wannan wani ne."

Sakina ta ce a kira likitan. Ya zo, mutum ne mai natsuwa, ya saurari ƙirjin, ya ce da baƙin ciki haka ne, duk abin da ke gudu kamar ruwa a dakatar da shi. Usman bai yi gardama ba. Ya ɗauki allon ya jingine a bango.

Washegari na kawo madida, na zaunar da Baba Malam, na kai cokali. Ya dubi allon da ke jingine, ya dube ni, ya rufe baki. Sakina ta ce tun yana yaro bai taɓa sa komai a bakinsa da safe ba sai mihaya ta riga shiga. Na ce yunwa za ta sauko da shi zuwa rana. Ba ta sauko da shi ba. Ashe a wurinsa in safiya ba ta buɗe ba, rana ma ba ta buɗewa.

Duk dabarar da na sani na yi. Na canja ɗanɗano, na canja mai riƙe cokali, na sa an kawo jikokinsa su ci a gabansa. Usman ya rubuta ya wanke ya shafa masa a fuska da ƙirji, ya karɓa da hannu yana shafawa, amma bakin yana nan a rufe. Akwai masu matse wa tsoho hanci ko su danna masa cokali tsakanin haƙora. Gwaggo Dije ta taɓa ce mini duk ranar da na yi haka in ajiye jakar, kuma ko ba ta faɗa ba, lomar dole huhu take tafiya. Ina kallo zoben azurfarsa ya fara yawo a yatsa, hularsa ta fara sauko masa kan gira. Leɓe ya tsage, fitsari ya yi ja ya ragu. Yunwa tana ba mutum lokaci, ƙishirwa ba ta bayarwa, balle a zafin Umdurman.

Likita ya ce saura a sa masa robar abinci ta hanci. An taɓa sa masa a asibiti ya fizge, don haka sai an ɗaure hannunsa na hagu a jikin gado. Hannun da ya rage masa ke nan, da shi yake jan tasbaha. Sakina ta ce, "Wallahi ba mai ɗaure hannun Baba ina raye." Usman ya ce to sai a mayar masa da mihayarsa, in ya so abin da Allah ya rubuta ya faru. Suka tsaya a nan, kowa da gaskiyarsa, tsohon yana ƙara bushewa. Na ji tsoro a kwanakin nan, ba zan ɓoye ba.

Ina da ƙa'ida, ba na maganar tsoho a bayan idonsa in dai yana ji. Don haka a ɗakinsa, a gabansa, na ce me zai hana a zuba mihayar a cikin madida. Ai ko a ƙasar kakanni ana zuba rubutu a fura.

Usman ya ce, "Zubawar ba ita ce matsala ba, ya Hajja. Ragowar fa? Ko lokacin da yake ci, cokali nawa yake sha ya kau da kai? Abin da ya rage a kai wa akuya? A wanke kwanon a watsa ruwan a titi, inda mutane da jakuna ke takawa? Ayar Allah?"

Gaskiya ya faɗa. A aikinmu ragowa ita ce ta fi yawa, kwanon da tsoho ya taɓa da yawunsa kuma ba mai ci, zubarwa ake yi. Ni duk tunanina a kan maƙogwaro yake, ban taɓa tunanin inda ragowa ke zuwa ba. Na fara tattara tawul ɗina.

Sai muka ji ƙwas, ƙwas. Baba Malam ne ke buga tasbaharsa a katakon gado. Ya yi magana ba mu gane ba. Sakina ta kai kunne bakinsa, ya maimaita, ta ɗago ta ce, "Wai a kawo." Ya sake buga katakon, ya dubi ɗansa, ya tattaro harshen da kyar ya ce, "Ba... ragowa."

A finjalin gahawa na fara, ɗan ƙaramin nan da bai fi loma kaɗan ba. Na dama madidar da kauri fiye da kullum, na bari ta huce, don Usman ya ce kada ayar ta hau wuta. Shi kuma ya rubuta ya wanke da ruwa kaɗan. Da ruwan allon na sassauta ta har ta kai yadda nake so. Na zaunar da tsohon, na sa yatsu a wuyansa, na kai cokali. Ya yi bisimilla ya buɗe baki. Mun daɗe a kan finjalin nan, don maƙogwaron da ya kwana biyu bai yi aiki ba sai an lallaɓa shi. Can tsakiya ya gaji, na gani a idonsa. Na ce a huta. Muka huta, ya sake buɗewa. Da ya ƙare ya karɓi finjalin, ya sa yatsa ya suɗe shi tas. Usman ya zuba ɗan ruwa ya ɗauraye finjalin da cokalin, ya shanye ruwan da kansa. Haka aka riƙa yi kullum daga ranar.

Ni da Sakina ba mu taɓa zama mun ƙulla komai ba, amma mun gane abu ɗaya a lokaci ɗaya: duk abin da aka zuba wa mihaya, Baba Malam ba zai bar shi ba. Daga finjali muka koma kofin shayi. Daga kofin shayi muka koma ɗan kwanon sha na yara. Gyaɗa ta shiga, man riɗi ya shiga, ƙwai ya shiga. Usman ya ga abin da muke yi, sai ya koma rubuta allo safe da rana da yamma. Ɗaliban da ke zuwa da kwalabe kuwa, na daina faɗa da su. Karɓa nake in kaurara da garin kuka, in miƙa wa mai kwalbar cokali in koya masa yadda ake bayarwa. Dattawa masu gemu, wasu limamai ne, suna zaune suna jiran in ce "yanzu". Ta nan ruwan da jikinsa ke bukata ya samu shiga. Zazzaɓin bai sake dawowa ba a shekarar.

Kada ku ɗauka bai sani ba. Ranar da muka sauya zuwa kwanon silba na manya, ya daɗe yana kallonsa, sannan ya dube ni, rabin bakinsa mai motsi ya ɗan ja gefe.

Ya ce, "Hawwa... kwanon nan... girma yake."

Na ce, "Ayoyin ne suka yi yawa, Baba Malam. Ƙarami ba ya ɗauka."

Ya yi dariya har kafaɗarsa na rawa. Na janye cokalin na jira ta ƙare tukuna, don ba a haɗa dariya da loma. Sannan ya shanye, ya suɗe kwanon.

Zoben ya zauna a yatsa. Ya koma fita zaure a kan kujera, ana karatu yana saurare, in an yi kuskure ya buga tasbaha a hannun kujerar, mai karatun ya koma baya. Ya halarci sunan jikoki. Ni kuma na rage zuwa, don Sakina da Usman sun iya, sai dai in leƙa in duba kaurin madida in ga ko wani ya fara sauri. Shekaru aka yi a haka. A duk tsawonsu ba a taɓa fitar da kwanon nan daga ɗakinsa da ko ɗigo a ciki ba.

Wata safiya Sakina ta aiko a kira ni. Ta ce kwana biyu cin yana ɗaukar lokaci fiye da da. Na same shi a zaune an jingine shi, Usman ya riga ya wanke allo, an dama. Na karɓi kwanon na fito da cokalina. Lomomin farko sun wuce, amma kowacce sai zakaran wuyan ya yi ta yunƙuri kafin ya hau. Da muka kai rabin kwano, na sa loma, na jira. Yatsuna suna wuyansa, ba abin da ya motsa. Na shafa masa maƙogwaro, na jira. Shiru. Na sa ƙyalle na kwaso lomar daga bakinsa na mayar gefen kwanon.

Na ce, "Baba Malam, ya isa."

Ya dubi kwanon. Ya sake buɗe baki.

Na san wannan maƙogwaron ya gama aikinsa. Duk abin da zan ƙara, huhu zan zuba wa. Na ajiye cokalin a cikin kwanon na ce, "Ka yi haƙuri, Baba. Ba zan ba ka ba." Ya ƙi rufe bakin. Hannunsa na hagu yana lalube a kan zani yana neman kwanon, idonsa a kan rabin da ya rage. Ban taɓa ganin damuwa a fuskarsa irin ta ranar ba, ko lokacin da ya ƙi ci. Sakina ta juya fuska bango.

Usman ya matso ya karɓi kwanon daga hannuna. Ya zauna a ƙasa, daidai inda uban zai gan shi ba sai ya juya kai ba. Ya ce, "Yaba, duba nan." Ya yi bisimilla, ya fara sha da ɗan cokalin nan, loma bayan loma, har da wadda na kwaso daga bakin uban. Ya sa yatsa ya suɗe. Ya zuba ruwa ya ɗauraye ya shanye. Sannan ya karkato kwanon ya nuna masa cikinsa.

Baba Malam ya daɗe yana kallon kwanon. Ya rufe bakinsa, ya koma jan tasbaha. Bayan azahar ya cika.

Da mata suka fara cika gida na tattara kayana. Cokalin yana kan tabarma inda Usman ya ajiye shi, ya manta bai ɗauraye ba, da ɗan shafin madida a bayansa. Na ɗebo ruwa a kofina mai yankakken baki, na wanke shi a ciki, na shanye ruwan, sannan na sa shi a jaka na fita neman motar Suk al-Arabi.